Katin hoto, RAM ko SSD: me za ka fara saya wa kwamfutar gem idan kuɗin ba su da yawa?

Mafi yawan kwamfutocin da samarinmu ke buga gem da su ba don gem aka ƙera su ba. Na ofis ne. Sun gama aikinsu a ƙasashen Turai da Amurka, aka loda su a kwantena, suka sauka Legas, daga Computer Village ta Ikeja suka bazu zuwa Banex a Abuja da shagunan Beirut Road a Kano. Dell OptiPlex 7020 ko 9020, HP ProDesk, Lenovo ThinkCentre: ka kwance murfin kowace, kusan abu ɗaya za ka tarar. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core i5-4570 ko i5-4590 na wajejen 2013 da 2014, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) 8GB irin DDR3, faifai mai juyawa na 500GB, sai ramin katin hoto babu komai a ciki. Akwai kuma rukuni na biyu, waɗanda suka haɗa tasu da hannunsu tsakanin 2018 da 2020: madabod (babban allon da komai ke jone a kansa) A320 ko B450, Ryzen 3 2200G ko 3200G mai hoto a cikinsa, sandar RAM guda ɗaya ta 8GB, da niyyar "in kuɗi sun zo zan sa kati".

To yau ɗan abin ya shigo hannu, bai kai na sabuwar kwamfuta ba. Me za a fara canzawa? Idan ka tambayi mai shago, amsarsa tana cikin gilashin da ke gabansa. Abin da ya daɗe bai fita ba shi ne zai zama ainihin abin da injinka ke buƙata. Ni ina auna kowane sashe da tambaya biyu. Ta farko: shi ne yake riƙe kwamfutar a yanzu? Ta biyu: ranar da za ka rabu da wannan kwamfutar, zai bi ka zuwa sabuwar, ko tare za su tafi? Ta biyun ce ba a cika yi ba. SSD (ma'ajiya mai sauri da ke maye gurbin faifai mai juyawa), katin hoto, fawa-fak (akwatin da ke raba wa sassa wuta) mai kyau da monita duk suna ƙaura da mai su. RAM na DDR3 da furosesan Intel na ƙarni na huɗu kuwa, inda aka saka su nan za su tsufa.

Kafin ka taɓa aljihu

Ka sauke manhajar MSI Afterburner, kyauta ce, ka kunna masa nunin alƙaluma a kusurwar sikirin, sannan ka shiga gem ɗin da ke ba ka ciwon kai. Kada ka tsaya inda komai yake lafiya. Je ka inda take sarƙewa: tsakiyar gari a GTA V, motoci da 'yan sanda sun cika titi, ko lokacin bugun kwana a EA Sports FC da kowa ya taru a bakin raga. Idan katin hoto (ko hoton da ke cikin furosesa, ga wanda ba shi da kati) yana kan 97 zuwa 99 cikin ɗari, shi ne ya kai maƙura. Idan yana lilo a 50 ko 60 alhali furosesa ya cika maƙil, jira katin yake yi, kuma wanda ya fi shi ƙarfi ma jiran zai zo ya yi. Idan kuwa gem na tafiya sumul, sai can ta tsaya cak na ƙiftawar ido, ta ci gaba, ta sake tsayawa, buɗe Task Manager ka duba. Galibi za ka ga RAM ya kusa cika, faifai kuma yana kan 100 cikin ɗari, domin Windows ta koma ajiye abin da RAM ya kasa ɗauka a kan faifan da ba shi da sauri.

Akwai gwajin da ya fi wannan sauƙi. Rage hoton daga 1080p zuwa 720p. Idan FPS, wato yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, ya yi sama sosai, katin hoto ne matsalarka. Idan bai motsa ba, furosesa ne ko RAM.

Ka kuma dubi zafi tun kafin ka yanke wa wani sashe hukunci. A Afrilu, Kano da Sakkwato da Maiduguri na haura digiri 40, ga ƙurar hunturun da ta wuce ta yi kauri a tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya furosesa har iska ba ta ratsawa. Furosesan da ya doshi digiri 95 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Kwamfutar da ta shekara goma ba a sake mata man furosesa ba, idan ka ɗaga fankar za ka ga man ya bushe ya tsattsage. A hure ƙurar, a goge tsohon man, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Sau da yawa rabin ƙorafin a nan yake ƙarewa.

SSD da sandar RAM ta biyu

Waɗannan biyun su ne mafi araha, kuma su ne ba a cika yin da-na-sani a kansu ba, amma ka san abin da kake saya. SSD ba ya ƙara FPS. Wanda ya ce maka zai ƙara, ciniki yake nema. Abin da yake yi shi ne kwamfutar ta tashi cikin daƙiƙu, gem ta buɗe ba tare da ka je ka dawo ba, kuma tsaitsayawar nan ta gari mai faɗi ta ragu, lokacin da gem ke ɗebo gine-gine da tituna daga faifai kana tsaka da gudu. Faifai mai juyawa na bayar da megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa idan fayil ɗin babba ne a wuri ɗaya, kuma yana durƙushewa idan ƙananan fayiloli ne a warwatse. SSD na SATA, mai jonuwa da waya, yana kai wa kusan 550, na NVMe, da ake sakawa kai tsaye a madabod, a kan PCIe 3.0 kusan 3,500. Kada lambar ƙarshen nan ta ruɗe ka. Tsallen daga faifai mai juyawa zuwa SATA shi ne ake ji a jiki. Daga SATA zuwa NVMe a yawancin wasanni 'yan daƙiƙu ne kawai. OptiPlex na wancan zamanin ma ba su da ramin NVMe, don haka na SATA mai inci 2.5 ne naka. Mai B450 kuwa ya duba, yawanci akwai ramin M.2, wato na NVMe, a kwance kusa da na katin hoto.

Girman fa? 256GB tarko ne. EA Sports FC kaɗai na neman wajen 100GB, Windows ta ci nata, shi ke nan an gama. 512GB ne mafi ƙanƙanta, 1TB idan hali ya yi. Tsohon faifan kuma kada ka cire shi. A wurinmu gem mai 100GB kuɗin data ne masu yawa da dare biyu ko uku na jira, don haka abin da ba ka bugawa yanzu ka mayar da shi can ya zauna, kada ka goge. Idan SSD na hannu za ka saya, a saka shi a gabanka a buɗe CrystalDiskInfo, ka ga lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki.

RAM kuwa magana biyu ce: yawa da jeri. 8GB ya wuce zamaninsa, Windows da burauza kaɗai sun cinye kusan rabi kafin gem ta buɗe. 16GB ne wurin zama, 32GB kuma ga irin waɗannan kwamfutoci ado ne kawai. Batun jeri shi ne sanda biyu ta 8GB ta fi sanda ɗaya ta 16GB, domin furosesa na da hanyoyi biyu zuwa RAM, sanda ɗaya kuwa hanya ɗaya take buɗewa. Ga mai 2200G ko 3200G da ba shi da kati, wannan ba ƙaramin abu ba ne: hoton da ke cikin furosesan ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake ci, saboda haka sanda ta biyu tana ƙara masa FPS da ido zai gani nan take. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne tak kuma kana wannan rukunin, sandar nan za ka saya. A madabod mai rami huɗu, a saka su a na biyu da na huɗu daga furosesa, sai dai idan littafin madabod ya faɗi wani abu daban, a kuma shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, a kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, in ba haka ba RAM mai 3200 zai zauna yana gudu a 2133 ko 2400.

Mai OptiPlex ma ya kai 16GB, DDR3 na hannu ba shi da tsada. Amma ya tsaya a nan, domin ko sisi daga ciki ba zai bi shi gaba ba.

Katin hoto, inda yawancin kuɗin za su tafi

Idan FPS kake nema, a nan yake. Sai dai kafin ka zaɓi kati, akwatin kwamfutarka ya riga ya zaɓar maka rabin amsar. Buɗe OptiPlex 9020 ka kalli inda wayar wuta ta shiga madabod: ba doguwar mai fil 24 da aka saba gani ba ce, gajeriya ce mai fil 8 ta Dell kaɗai. Fawa-fak ɗin babbar akwatin wat 290 ne, na siririyar 255, kuma babu wayar katin hoto ko ɗaya a jikinsa. Ramin katin hoto, wato PCIe, da kansa wat 75 yake iya bayarwa. Wato idan ba za ka taɓa fawa-fak ba, zaɓinka ya tsaya a katunan da ba sa neman ƙarin waya, idan kuma siririyar akwati ce, sai gajeren kati mai ƙaramin ƙarfen baya.

A wannan ajin akwai huɗu da suka cancanci magana. GTX 1050 Ti na 2016, 4GB, shi ne daidai mafi ƙarancin abin da EA Sports FC 24 ya nema. Zai buɗe maka ƙwallo da GTA V da Valorant, amma a bakin ƙofa kake tsaye, kuma Nvidia ta daina fitar wa wannan zuriyar sababbin direbobin wasanni a ƙarshen 2025. GTX 1650 na 2019 ya fi shi da tazarar da ake gani, shi ma 4GB, shi ne kuma na fi yarda da shi ga tsohuwar kwamfutar ofis idan farashinsa bai yi hauka ba. RX 6400 na 2022 wat 53 kacal yake sha, abin sha'awa, amma yana da aibi biyu: layi huɗu kawai yake amfani da su a ramin, an kuma gina shi don PCIe 4.0, to a kan tsohon madabod mai 3.0 yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa. Sannan ba shi da sashen naɗar bidiyo, wanda ke son ɗora wasansa a TikTok ko YouTube zai sha wahala. Na huɗu shi ne RTX 3050 mai 6GB da ya fito a farkon 2024, wat 70, yana da DLSS, fasahar Nvidia mai ƙara FPS, ya fi sauran ukun. Tsadarsa ce matsala: kuɗinsa sun kusa isa fawa-fak sabo da katin da ya fi shi ƙarfi.

Akwai waɗanda za a miƙo maka a ce "wannan ma girafik ne". GT 710 da GT 730 an yi su ne don kwamfuta ta samu inda za a jona monita, ba don gem ba. GT 1030 iri biyu ne da suna ɗaya, mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya yi ƙasa sosai, kwalin kuma ba lallai ya faɗa maka da babbar murya ba. Sai na jabu: tsofaffin katuna irin GTS 450 da aka sauya wa suna suka koma "GTX 1050 Ti". Idan ka ga 1050 Ti da shuɗin ramin VGA a bayansa, ka yi taka-tsantsan, domin zuriyar GTX 10 ba ta fitar da hoton VGA da kanta. A buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati a gabanka, yana tona asirin da yawa daga cikinsu.

Idan kuwa ka yarda ka canza fawa-fak, ko kana da haɗaɗɗiyar kwamfuta mai akwati na gama-gari, kasuwa ta buɗe. A nan gardamar tsakanin uku take.

RX 580 mai 8GB, na 2017, shi ne sarkin araha. Ya cika kasuwa ne bayan Satumban 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katunan hoto, masu haƙar suka zubar da abin da suka tara. Har yanzu yana buga yawancin wasanni a 1080p da matsakaicin saiti, 8GB ɗinsa kuma na taimakonsa. Amma wat 185 yake sha, yana da zafi, da yawansu sun yi shekaru suna aiki dare da rana, kuma mafi yawan masu arahar da ake gani yanzu nau'in 2048SP ne, wanda a zahiri RX 570 ne da aka sa wa babbar riga. AMD ma ta rage kula da direbobinsa tun 2023. GTX 1660 Super na ƙarshen 2019 ya ɗan fi shi gudu, 6GB, wat 125, ba ya zafi, ba ya rigima. RX 6600 na 2021 ya fi su duka nesa ba kusa ba, 8GB, wat 132 kacal, kuma yana da abin da sauran biyun ba su da shi: sashen lissafin haske da wasu sababbin wasanni suka fara wajabtawa. Doom: The Dark Ages na 2025 ba zai ma buɗe a RX 580 ko GTX 1660 Super ba.

Hukuncina: idan kuɗin sun kai, RX 6600, ko da kuwa i5-4590 ɗinka ba zai iya ciyar da shi sosai ba. Za a ce maka ɓarna ce, furosesa zai riƙe shi. Gaskiya ne zai riƙe shi a wasu wasannin, amma katin ne zai bi ka zuwa kwamfuta ta gaba ya yi maka wasu shekaru, RX 580 kuwa ranar ƙaura shi ma canji zai nema. Idan ba su kai ba, 1660 Super. RX 580 sai ga wanda wutarsa ba ta da matsala kuma aka ba shi damar gwadawa. Intel Arc B580 mai 12GB yana da daɗin farashi a sabo, amma yana buƙatar wani saitin madabod mai suna Resizable BAR, abin da tsofaffin kwamfutocin ofis ba su da shi, don haka mai OptiPlex ya ɗauke kai.

Kowane kati na hannu za ka saya, kada ka yarda da "ai ga shi ya kawo hoto". A saka gem mai nauyi ko manhajar gwajin kati ta FurMark ya yi minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ka sa kunne a fankokin, ka ga duka suna juyawa ba ƙara. Ka zuba ido a sikirin ko za ka ga ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka. Ka juya bayansa ka duba ko allon ya yi duhu-duhu kamar an gasa shi. Ka kuma nemi garanti a rubuce a kan rasit, ko na mako ɗaya ne.

Wuta

Bidiyoyin da ake kallo na masu haɗa kwamfuta a ƙasashen waje ba sa tsayawa a nan, domin su wutarsu ba ta ɗaukewa. Mu kuwa dole mu tsaya. Bambancin wat 60 tsakanin RX 580 da 1660 Super, idan kana buga awa huɗu a dare, wat-awa 240 ne. Batirin inbata mai 12V 200Ah a takarda yana ɗauke da 2,400, amma idan na ruwa ne kusan rabi ake so a ci don ya daɗe. Ka ga kashi ɗaya cikin biyar na abin da kake da shi ya tafi a bambancin kati kawai. Katin da ya fi araha a shago zai iya zama mafi tsada a wata shida, a man janareta ko a batir.

Fawa-fak shi ne sashen da ba ya ƙara ko FPS ɗaya, shi ne kuma idan ya mutu yake iya tafiya da sauran. Akwai marasa suna da aka rubuta wa 500W ko 650W, ka ɗaga ka ji ba nauyi. Juya gefensa ka karanta layin 12V: idan an rubuta 18A, ka ninka da 12, wat 216 ke nan, shi ne gaskiyar abin da kati da furosesa za su samu. Na kirki mai wat 550 daga irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master ya ishi RX 6600 da furosesa Ryzen 5 5600 har da saura, kuma zai yi maka kwamfuta biyu. A babbar akwatin OptiPlex yana shiga, sai dai ka haɗa da 'yar wayar da ke mayar da fil 24 zuwa fil 8 na Dell.

Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne wayar nan mai juya SATA zuwa fil 6 ko 8 don a ciyar da babban kati daga fawa-fak ɗin ofis. Bakin SATA wat hamsin da 'yan kai aka yi shi ya ɗauka, fil 8 na kati kuwa har 150 yake ja. A 7020 da 9020 ma wutar SATA ta cikin madabod take bi. Ƙarshenta warin roba, baƙin tabo a bakin wayar, wani lokaci har da madabod ɗin.

Sitabilaiza ko UPS ma yana cikin lissafi, musamman inda wuta ke zuwa da rauni ko ta dawo da ƙarfi. Ka lura UPS mai 650VA kusan wat 360 zuwa 390 yake iya ɗauka, kuma wasu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da masu arahar, suna mutuwa daidai lokacin da aka ɗauke wuta. A gwada su tare kafin a biya.

Furosesa: nan rukunin biyu suka rabu

Ga mai OptiPlex, iyakar hanyar ita ce i7-4770 ko i7-4790: cibiya huɗu dai kamar i5, amma layin aiki takwas maimakon huɗu. Yana rage tsaitsayawa a wasannin da ke cika furosesa maƙil, irin su Warzone. Idan an ba ka shi da araha ƙwarai, ka karɓa. Amma masu sayarwa sun san shi ne ƙarshen layi, suna tsuga masa kuɗi, kuma duk abin da ka biya a nan zai tsaya. Ga wani dalilin: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga ƙarni na takwas na Intel take farawa, tare da sashen tsaro na TPM 2.0. Wasu sababbin wasannin intanet, kamar Battlefield 6, sun fara neman TPM 2.0 da saitin tsaro na Secure Boot kafin su bari a shiga. Wanda nasa ya girmi haka, irin i5-3470 da ke cikin OptiPlex 7010, yana da ƙarin matsala: ba shi da wata fasahar lissafi mai suna AVX2, akwai wasannin da ba za su tashi ba ko wane kati aka saka.

Mai madabod A320 ko B450 kuwa, wato mai soket ɗin AM4, mazaunin furosesa na AMD, ya taki sa'a. AMD ta riƙe wannan soket ɗin tun 2016 tana ta fitar masa da furosesa, har ya zama madabod ɗin da aka saya wa 2200G zai iya ɗaukar Ryzen 5 5600 na 2022: cibiya shida, layin aiki goma sha biyu, wat 65, da RAM ɗinka na DDR4 yadda yake. Wannan ba gyara ba ne, sabuwar kwamfuta ce a tsohuwar akwati. Daga ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda yadda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ke kwashe abin da masana'antu ke fitarwa, don haka duk hanyar da za ta hana ka sayen sabon RAM na DDR5 a yanzu riba ce.

Abu biyu kawai za a kiyaye. Na ɗaya, 5600 ba shi da hoto a cikinsa. Idan ka cire 2200G ka saka shi babu kati, baƙin sikirin za ka gani. Saboda haka kati ne farko, furosesa daga baya. Akwai 5600G mai hoto, amma an rage masa ma'ajiyar cikinsa daga 32MB zuwa 16MB, idan da kati 5600 ya fi shi a gem. 5600G na wanda ya san zai daɗe bai sayi kati ba ne. Na biyu, sai an sabunta BIOS, kuma da tsohon furosesan a ciki ake yi, kafin a cire shi. Ka duba shafin kamfanin madabod ɗinka ka tabbatar sun fitar da wanda ya dace, musamman idan A320 ne. Kada kuma ka fara wannan aikin a kan wutar NEPA tsagwaronta. Idan aka ɗauke ana tsaka da rubutawa, madabod na iya ƙin tashi gaba ɗaya. A jona a inbata ko UPS mai cikakken caji.

Monita ba a cika tuna ta ba. Idan har yanzu tsohuwar ta ofis ce mai 1366×768 da wayar VGA, RX 6600 ba shi da inda zai nuna abin da ya iya, ba shi ma da ramin VGA. Mai inci 24, 1080p, ta wadatar. Mai 144Hz tana da amfani ne ga wanda kwamfutarsa ke haura FPS 100 a Valorant ko Counter-Strike 2; ga mai ƙwallo da GTA, 60 ko 75 ba laifi. Fitilu masu launi da akwatin gilashi kuwa, a bari sai an gama da sauran.

Idan da ni ne da OptiPlex, zan tsaftace ta, in sa SSD, in cika RAM 16GB, sannan in zuba sauran a fawa-fak da kati mafi ƙarfin da zan iya. Daga nan ba zan ƙara mata ko naira ba. Abin da ya shigo bayan haka tarawa zan yi don madabod da furosesa, B450 ko B550 da Ryzen 5 5600, ko H610 mai DDR4 da i3-12100F, wanda duk da cibiya huɗu gare shi ya bar i7-4790 a baya da nisa. Ranar da suka cika, kati da SSD da fawa-fak su koma sabon gida. OptiPlex ɗin a mayar mata da fawa-fak ɗinta na asali, shi ya sa ba a yar da shi, a bar mata tsohon faifan bayan an kwashe wasannin. Mai shagon buga takardu ko cibiyar rajistar jarrabawa zai saye ta, domin Word da burauza har gobe ba su fi ƙarfinta ba.